Takardar da Ta Ce Na Mutu

A shingen farko bayan Damagaram jandarma ya tattara katinanmu, ya koma inuwar wata bishiyar bedi yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Habu Isa sau biyu, ba wanda ya motsa. A na uku wani dattijo da ke zaune kusa da ni a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ba kai ba ne? Ga hotonka can a hannunsa."

Na diro. Jandarman ya dubi katin, ya dube ni. "Kurma ne kai, ko a gida ka baro sunanka?"

Na ce gyangyaɗi ne ya ɗauke ni. Ƙaryata ta farko ke nan a wannan tafiya, kuma ban daina istigfari a kanta ba sai da muka shiga Tasawa.

Sunana Sale Musa, mutumin Gangara ne ni, cikin ƙasar Damargu. Habu Isa ɗan wan babana ne. Tare muka yi lakwal, makarantar boko, benci ɗaya, amma ya girme ni da shekara uku, ya kuma fi ni kai nesa ba kusa ba. Da muka kai aji shida aka ce shekarunsa sun wuce na shiga jarrabawar kwaleji. Mushe, malaminmu, ya zo gidanmu ya zauna da babana da Baba Isa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da suka yanke shi ne a ba Habu takardar haihuwata ya shiga jarrabawa da ita, ni a ba ni tasa in koma gona, tunda dama babana ya fara ciwon ƙafa. Ban ji haushi ba. Ina tsoron jarrabawa fiye da yadda nake tsoron fartanya.

A gari ba abin da ya sauya. Ni Sale ne a gona, shi Habu ne in ya zo hutu. A takarda kaɗai muka yi musaya, kuma wa ke duba takarda a Gangara? Ya yi kwaleji a Tanut, ya yi lise, babbar sakandare, a Damagaram. Daga nan wani kawunsa mai fataucin goro ya kai shi Abijan, ya sa shi wata babbar jami'a mai zaman kanta, ya juyo ya bar shi. Shekara huɗu wasiƙunsa na zuwa, ni nake karanta wa mahaifiyarsa, Inna Hajo. Sai suka tsaya.

Cikin damina, ranar kasuwa, wani gardi, ɗan aiken gwamnati, ya zo daga Tanut da takardar waya. Maigari ya sa aka kira ni, na tarar da shi yana dariya har da share hawaye.

"Sale, zo ka ji labari. An ce ka mutu a Abijan. Yaushe ka je ba ka yi mana sallama ba?"

Duk rumfar ta fashe da dariya. Wani ya ce in ba da sadakar ukuna tun ina iyawa. Babana da Baba Isa sun riga sun rasu, mushen nan an ɗauke shi tun tuni, ba wanda ya tuna da zancen shekara goma sha ɗaya baya. Maigari ya ce wa gardi ya koma ya ce kuskure ne, ga Sale Musa nan da ransa. Ni ma na yi dariya. Na fita bayan rumfunan masu gishiri na yi amai.

Wata uku na riƙe abin a cikina. Kullum ina gaya wa kaina ai Sale Musa da yawa a duniya. Da muka kai gero rumbu na ce wa Inna Hajo zan je in dubo Habu tunda ya yi shiru. Ta aika Belbeji aka sayo cuku mai kyau, ta ƙulle a tsumma, ta ce, "Ka ce masa karatun ya isa haka. Ka zo mini da shi." Na je Tanut yin katin tafiya, kuma takarda ɗaya gare ni a duniya, wadda ke ɗauke da sunansa.

Daga Tasawa zuwa Yamai na yi ta bitar kaina kamar mai hadda: sunana Habu, ubana Isa, uwata Hajo. Kowane shinge sai in ji kamar jandarma zai leƙa cikin bakina ya ga ɗayan sunan. A Yamai na fara ganin kogi. Mutane na ta kallon ruwa daga kan gada, ni kuwa ina lissafin in na faɗa ciki aka tsamo ni, gidan wa za a kai labari.

A tashar jirgin ƙasa ta Wagadugu wani mutum mai tsabtatacciyar riga ya yi mini sallama da Hausa mai daɗi. Kwana biyu ban ji Hausa ba, na sake masa jiki. Ya shinshina jakata.

"Cuku ne? Haba ɗan'uwa, ba a gaya maka ba? An hana shiga da abin madara. In duwan masu binciken kaya suka gani, kai da gida sai baɗi. Kawo in wuce maka da shi ta ƙofar ma'aikata, mu haɗu a tarago na uku."

Duk abin da aka ce doka ta hana, ni ba na iya tsayawa in tambaya. Na miƙa masa. Ban sake ganinsa ba. Abin da ya cece ni halina ne da mutane ke yi wa dariya: tun a Maraɗi na raba ƙullin biyu, na ɗaure rabi a cikina ƙarƙashin riga, saboda tsoron kada jakar ta ɓace. Da wannan rabin na shiga jirgi, ina zufa a kansa, ina jin kamar na ci amanar Inna rabi.

A cikin jirgin wata mata mai kwandunan albasa ta matsa ta ba ni gefen benci. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta ga ban ci komai ba, ta ɓare ayaba ta sa mini a hannu kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Da aka zo duba katin allura na rikice na miƙa wata takarda dabam, ita ce ta zare ta daidai daga aljihuna ta ba su, tana yi musu faɗa. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da "mai albasa".

Daga nan ƙasa ta fara rufewa. Mu a Damargu mutum na hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. Can kuwa itatuwa sun haɗe sama da ƙasa, ba ka ganin inda rana take, har na rasa gabas. Na yi salla uku a jirgin nan waɗanda na rama daga baya don ban yarda da alƙiblar ba.

Kwana biyu na yi a Abijan ina nuna bayan ambulan ɗin Habu kafin in sami makarantar. Benaye ne a jere cikin katanga, sun fi duk ofisoshin Damagaram in an haɗa. Samari da ƴanmata na kwarara ta ƙofa kamar an buɗe wa tumaki garke, kowa da kati a hannu, ba mai duban kowa. Na tsaya a gefe da jakata daga hantsi har rana ta take. Sai na ji an ce da Hausa, "Kai mai tsayuwa, sanda ka haɗiye?"

Maigadi ne, Buzu, da rawaninsa da ɗan gawayin shayinsa a gindin katanga.

"Daga ina?"

"Damargu."

"Damargu da faɗi."

"Gangara."

"Manoma. Ku ne kuka nome mana burtali. Ni Agali, ɗan Tenhiya. Zauna, ko da yake ba ku cancanci shayi ba."

Na zauna. Ya ɗaga buta yana tsiyayawa daga sama, ya tambaye ni ruwan bana, ya tambayi farashin raƙuma a Tanut. Sannan ya ce wa nake nema. Ban taɓa jin nauyin sunana a baki ba sai ran nan.

"Sale Musa."

Ya sauke butar a hankali, bai ƙarasa cika kofin ba.

"Mene ne naka?"

"Wana ne."

"Kun makara, ɗan Gangara. Ni na wanke shi da hannuna. Mun buga waya gida, aka maido mana wai kuskure ne. Na ce wane irin mutane ne waɗannan da ake gaya musu ɗansu ya mutu su ce a'a?"

Ya cika kofin ya sa mini a hannu, ya riƙe hannun nawa da nasa har na sha.

Agali ya sa aka nemo abokin ɗakin Habu, wani Kirista ɗan Togo mai suna Lukas, dogo mai tabarau. Da faransancina na aji shida muka yi magana, yana rage gudu saboda ni. Shi ya zaga da ni. Ya nuna mini ɗakin karatunsu, wanda aka jera bencina hawa-hawa kamar a jikin tudu. Malami na can ƙasa yana magana cikin lasifika, bai san sunan kowa ba, da lamba ake sanin mutum. Ya ce tun da sassafe ɗalibai ke zuwa su ajiye kaye, wato littafin rubutu, a benci don kama wuri, wanda ya makara a tsaye zai yi rubutu, bisa bayan na gabansa. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa riga ɗan'uwana kama wuri. Suna kiransa Raƙumi, don yana wuni bai sha ruwa ba kuma ba ya shiga rawar ƙarshen mako.

"Nan yake zama," in ji Lukas. Layi na uku, jikin bango. "Kullum yana wannan zanen. Mun ɗauka addu'arku ce."

Na sunkuya. A gefen bencin an bi wuri ɗaya da bik, wato biro, har katako ya lotsa. Rubutun ajami ne, irin wanda muka koya a makarantar allo kafin a kai mu lakwal. Habu ɗan Hajo. Da muka je ɗakinsu Lukas ya ba ni kayensa, na buɗe. A gefen kowane shafi, kusa da lissafin da ban gane ba, abin nan ne dai, ƙanana-ƙanana. Habu ɗan Hajo. Habu ɗan Hajo.

A bakin taga akwai gwangwanin tumatir babba, da karan gero uku a ciki, sun yi tsawo har sun lanƙwashe a jikin silin. Lukas ya ce kowace shekara sai ɗan'uwana ya shuka, kowace shekara sai geron ya yi ganye ya ƙi fitar da kai. Tun da ya rasu shi yake ba su ruwa, bai san me zai yi da su ba.

Ya ba ni labarin ciwon. Zazzaɓi ne ya kama shi ana tsakiyar jarrabawar ƙarshe. Ya ƙi zuwa likita, ya ce in ya rasa takarda ɗaya shekara ta tafi, kuma akwai wanda ya ba shi wani abu da ba zai iya mayarwa hannu wofi ba. Takarda ta ƙarshe Lukas ne ya riƙe shi har benci. Kwana biyar bayan nan ya cika.

"A gidan likita kansa ya juye," in ji Lukas. "In an kira shi Sale sai ya kau da kai. Yana ta cewa shi ba Sale ba ne, sunansa Habu. Muka ce zafin zazzaɓi ne. Ni ina riƙe da hannunsa ina cewa, Sale, kwantar da hankalinka, Sale, ina nan."

Na ce masa, "Kansa bai juye ba. Ni ne Sale Musa."

Ya ja da baya har ya bugi gado. Na fito da katina, na ba shi labarin mushe da babana da Baba Isa. Ya cire tabarau ya zauna. Sannan ya tambaye ni yadda ake faɗin sunan daidai. Na faɗa. Ya maimaita sau uku yana duban gadon da ba kowa a kai.

Washegari ya kai ni gaban wani allo mai gilashi inda ake liƙa sakamako. Takardar ta fara ja saboda rana. Ya sa yatsa kusa da sama. Sunana ne a can, na huɗu, cikin waɗanda suka ci. Ni da ko jarrabawar sartifika ta aji shida ban zauna ba.

Na ce zan shiga buro, ofishin makarantar, in faɗi gaskiya, a gyara sunan. Lukas ya riƙe mini riga.

"In ka faɗa, ba gyarawa za su yi ba. Sokewa za su yi. Shekara huɗunsa, da kwaleji, da lise, duk su zama ba a yi ba." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma sunanka ne a kai. Can ƙasarku an ce ba ka mutu ba. Da wannan takarda za ka sami kujera a Yamai. Ina jin abin da yake so ya mayar maka ke nan."

Ba zan ɓoye ba, kwana uku na yi ina juya maganar nan a tabarmar Agali. Na ga kaina da farar riga da mota. Na kuma ga ranar da za a miƙo mini lissafi irin na cikin kayen nan a ce in duba. Amma ba wannan ne ya hana ni ba. Abin da ya hana ni shi ne bencin nan da ya lotsa. Na tambayi Agali ko shiru a gaban ma'aikata ƙarya ne. Ya ce, "Ni raƙumi na sani. Amma in ba a tambaye ka ba, me ka faɗa?"

A buro wata mata ta fito da takardar daga cikin tuli, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce dangin mamaci ne kaɗai ke karɓa, in kawo kati. Na miƙa. Ta rubuta a babban littafinsu, ta juyo mini shi in sa hannu. Na karanta layin: difloma, an miƙa wa Habu Isa. Na daɗe ina dubansa har ta buga tebur da bik. A duk littattafan makarantar nan, wannan layin kaɗai ne ya faɗi gaskiya, kuma ni na sa masa hannu da ƙarya.

Agali ya raka ni maƙabarta ranar da ba ya aiki. Ƙasar yashi ce mai jiƙa, ciyawa ta riga ta rufe kabarin. A kansa an kafa ɗan allon ƙarfe da baƙin fenti, da sunana da na babana da shekarar da aka haife ni. Na tsaya ina karantawa kamar ni ne a ƙasan. Agali ya ce ranar jana'iza liman ya tambayi sunan uwarsa ba wanda ya sani.

Na roƙi mai kula da wurin a sauya allon. Ya ce allo bin littafi yake, littafi kuma bin takardar likita. Da ya juya baya na ciro ƙusa daga wani tsohon katako, na durƙusa, na karce bayan allon da ajami yadda shi yake rubutawa. Sannan na matsa wajen kansa na kira shi da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga wancan gefen gona.

"Habu. Habu ɗan Hajo. Sale ne. Na zo."

Ba abin da ya motsa sai ciyawa. Cukun da ya rage na raba wa Agali da Lukas da waɗanda suka ɗauki gawarsa. Lukas ya ci yana yamutsa fuska, ya cinye duka. Karan geron na tuge su da kaina kafin in taho, don ban so ya ci gaba da ba su ruwa.

Na iso Gangara da la'asar, na tarar da Inna Hajo tana sussuka. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ta jingine taɓarya. Na fara kame-kamen yadda zan faɗa, ta tare ni.

"Na sani, Sale. Ina kasuwa ranar da aka yi dariyar nan. Ni na ɗauko takardar haihuwarsa daga cikin kwalla na ba mushe, ka ɗauka na manta?"

"To cukun fa, Inna?"

"Na ce ƙila in na ƙulla, a sami mai ci."

Bayan an yi sadaka mutane sun watse, ta ce in karanta mata takardar da na zo da ita. Na karanta ina juya mata da Hausa. Da na zo wurin suna na ce Habu Isa. Ta san abin da ke rubuce, na san ta sani. Ta ce, "Sake wurin nan." Na sake. Ta karɓa ta naɗe ta sa a kwallar da ɗayar takardar ta fito.

Shekarar da ta biyo ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, aka fara rabon tsaba a Tanut, kowane magidanci da katinsa. Na tafi da Inna, tana riƙe da buhu a ninke. Muka zauna cikin taro a rana, wani ma'aikaci a kan tebur yana kiran sunaye. Ina ta tunanin yadda zan lallaɓa in karɓa ba ta ji ba, sai muryarsa ta tashi.

"Habu Isa."

Inna ta ɗaga kai da sauri, ta duba dama, ta duba hagu, ta duba har bayan taron inda raƙuma suke. Na sunkuyar da kai.

"Habu Isa, Gangara. Ba ya nan?"

Ya ɗaga bik zai ja layi. Sai na ji hannunta a wuyan hannuna, busasshe, mai zafi.

"Amsa mana," in ji ta. "Kada a rubuta ba ya nan."

Na miƙe tsaye na ce, "Na'am."